Riga Biyu da Tantabaru Biyu

Karatu: Luka 3:7-14, Luka 2:22-38, Matiyu 2:1-12

Hunturu ya sake kewayowa. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sanyin asuba kuwa yana hana marar mayafi barci. A waɗannan watanni ne ikkilisiya take bi ta lokatai uku: Jiran Zuwan Ubangiji, wato Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba, sai Kirsimeti, sa'an nan Bayyanuwa ranar 6 ga Janairu. Bari mu dubi abin da karatun kowannensu yake nema daga gare mu.

A lokacin Jira muna jin muryar Yahaya Maibaftisma a bakin Kogin Urdun. Da taro suka tambaye shi abin da za su yi, sai ya umarci mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma ya yi haka. Ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su ɗora kome a kan abin da aka ƙayyade, sojoji kuma su bar ƙwace, su dogara ga albashinsu. Ashe, tuba tana da 'ya'yan da maƙwabci zai iya gani. Ɗan'uwa, riguna nawa ne a akwatinka? Gwauruwar da take zama a bayanka a majami'a, da me 'ya'yanta suke rufa da dare?

Kwana arba'in bayan haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima. Shari'ar Musa ta bukaci ɗan rago da tsuntsu ɗaya, amma ta yarda wa wadda ba ta da halin rago ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu (Littafin Firistoci 12:6-8). Hadayar matalauta ce iyayen Mai Ceto suka miƙa, ba su kuwa ji kunya ba. Mu fa? Gidaje da yawa sukan ci bashi domin ɗinki da shinkafa da akuya, har a sayar da hatsin da ya kamata ya kai iyali damina. Janairu na zuwa, sai a rasa kuɗin makaranta, rigima ta tashi tsakanin miji da mata. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Mu tuna tsoho Saminu da annabiya Hannatu: talaucin iyayen bai hana su gane jaririn ba, gama zuciyarsu ta daɗe tana jiransa.

Karatun Bayyanuwa yana da gargaɗi na musamman ga mu da muka girma cikin ikkilisiya. Sa'ad da masana suka zo daga gabas, Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura, suka kuwa ba shi amsa daidai daga annabcin Mika 5:2, cewa a Baitalami za a haifi Almasihu. Tsakanin Urushalima da Baitalami kimanin kilomita goma ne kawai, amma Matiyu bai ambaci ko ɗayansu da ya bi baƙin nan ba. Baƙi daga nesa ne suka durƙusa, suka miƙa zinariya da lubban da mur. Mai yiwuwa ne mutum ya haddace aya, ya yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, amma bai taɓa miƙa kansa ga Ubangiji ba.

Saboda haka, kafin Lahadin farko ta Jira, kowane gida ya zauna ya yanke shawara a kan abu uku: wanda za su tufatar, iyakar abin da za su kashe ba tare da bashi ba, da lokacin da za su keɓe kullum domin karatu da addu'a tare.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta karɓe shi. Amin.