Ran Manomi Ɗaya da Jinin da Ya Biyo Baya a Shuɗin Nilu

A watan Yulin 2022 aka kashe wani manomi a yankin Gaisan, can kudancin jihar Shuɗin Nilu ta Sudan, dab da iyakar Habasha. Kafin shari'a ta ce uffan, wuta ta riga ta kai Rusairis, faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, Barta da Hamaj da Funj. Cikin 'yan kwanaki hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga gawa sama da 100. A Oktoba aka sake komawa, wannan karon a Wad al-Mahi, inda kwana biyu suka lashe rayuka fiye da 200, aka ƙone gidaje, mata da yara suka cika makarantun Damazin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga Yuli zuwa Oktoba an kashe aƙalla mutum 359, wasu kimanin 97,000 suka bar muhallinsu.

Hausawan wannan yanki ba jiya suka zo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka yada zango a bakin kogi kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Alhazan ƙafa ma sun yi ta tsayawa a hanya, wasu ba su ƙara gaba ba. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe wa dubbansu hanyar abinci. Duk da haka, da Hausawa suka nemi a ba su masarauta tasu a Shuɗin Nilu, sai aka ce musu ƙasa tana da masu ita, baƙo kuwa ba ya sarauta a hakurar wani, wato ƙasar gadon wata ƙabila. Wannan gardama ce ta gaske, kowane ɓangare yana da hujjar da zai kawo gaban mahukunta. Abin da ba ta amsa ba shi ne dalilin da zai halasta jinin wani tsoho da ke gyangyaɗi a ƙofar gidansa, wanda bai ma san inda Gaisan take ba.

Abin mamaki, amsar tana cikin littafin da ɗaliban ilimi ke ɗauka zuwa zauren malam bayan sallar asuba, a Mai Wurno kamar yadda ake yi a Zariya. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani tana da babi guda kan hukunce-hukuncen jini, kuma duk wanda ya zauna aka fassara masa shi kalma bayan kalma zai ga irin ƙuncin ƙofar da fiƙihun Malikiyya ya bar wa kisa. Ba a kashe mutum saboda wani sai da shaidu adilai, ko iƙirarinsa da bakinsa, ko ƙasama, wato dangin mamaci su yi rantsuwa hamsin bayan an sami alama mai ƙarfi. Ko sun yi rantsuwar hamsin ɗin cif, mutum ɗaya tak za a kashe da ita. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba magajin wanda aka kashe iko, a cikin ayar kuma ta hana shi wuce iyaka. Malaman tafsiri sun ce wuce iyakar ya haɗa da kashe wanda ba shi ya yi ba, da kashe biyu a madadin ɗaya, al'adar da Larabawan jahiliyya suka saba da ita.

Akwai wurin da shari'a ta ɗora wa dangi nauyi, amma a aljihu ta ɗora shi. Idan mutum ya kashe wani bisa kuskure, danginsa na wajen uba ne ke haɗa diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, a biya cikin shekara uku. Kuɗi ana raba shi a kan zuriya. Wuya kuwa na mai laifi ne shi kaɗai. Masu son ramuwar gayya kan kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya sa aka kashe wasu mutane a San'a saboda rai ɗaya. Gaskiya ne, yana cikin Muwaɗɗa. Sai dai waɗanda aka kashe ɗin su ne suka haɗa hannu a kisan, ba maƙwabtansu ba, ba masu jin yarensu ba.

(Ba a ce fiƙihun dā ya daidaita kowa da kowa ba. A Malikiyya diyyar mace rabin ta namiji ce, ta Kirista da Bayahude rabin ta Musulmi, alhali Hanafiyya sun daidaita Musulmi da wanda ke zaune ƙarƙashin amanarsa. Malamai na ta muhawara a kai. Amma babu mazhabar da ta ce a ƙone ƙauye.)

Mai ƙin wannan magana yana da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Zai ce wane alƙali? Tun juyin mulkin Oktoban 2021 gwamnati ta yi rauni, jami'an tsaro kan iso bayan an gama, wanda ya jira kotu sai a yi jana'izarsa. Haka ne, shari'a ma ba ta ce mutum ya naɗe hannu ana yanka 'ya'yansa ba, ta ba shi damar tunkuɗe maharin da ke kansa. Damar tana ƙarewa ne da zarar maharin ya juya baya. Wanda ya kwana, ya wasa adda, ya nufi ƙauyen da ke gaba, ya tashi daga mai kare kai ya koma sabon mahari. Hausawa sun ɗanɗana wannan daga ɓangarorin biyu. A Uromi ta jihar Edo, a Maris 2025, an kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida sallah, bisa zargi kawai. A Kano kuma, a Mayun 2004, bayan kisan Musulmi a Yelwan Shandam, matasa suka far wa Kiristocin da ba su taɓa taka Filato ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya kai wannan lissafi na ramuwar gayya Jazira. A Oktoban 2024, da kwamanda Abu Aƙla Kaikal ya bar RSF ya koma wajen soja, RSF ta huce a kan ƙauyukan gabashin jihar, a Sariha kaɗai aka ba da rahoton kashe mutum 124. A Janairun 2025, ana gab da ƙwato Wad Madani, mayaƙan Kaikal ɗin suka shiga Kambo Ɗayba, ɗaya daga cikin matsugunan leburorin gona da ake kira kanabi, suka kashe aƙalla 26, kamar yadda Human Rights Watch ta bayyana. Zargin haɗa baki da abokan gaba ne ya maye gurbin shaidu biyu.

Sudan na da tsohuwar hanyar kashe wuta, judiyya, inda dattawan da ake kira ajawid ke zaunar da ɓangarori, a ƙirga asara, a yanka diyya, a yi fatiha. Ta ceci rayuka da dama. Rauninta shi ne ƙabila ce ke zama da ƙabila, sunan wanda ya ɗaga adda sai ya nutse cikin jimla. A Malikiyya kuwa haƙƙin yafewa na magadan mamaci ne, ba na umda, wato mai gari, ko gwamna ba, kuma ko sun yafe, mai kisan ganganci zai sha bulala 100 ya yi shekara a tsare. A Janairun 2023 shugabannin ƙabilun Shuɗin Nilu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin. Wata uku bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, aka fara harbi a Khartum, hankalin ƙasar ya koma can.