SHUKA A GIDA SADAKA CE, RAINONTA AMANA NE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɓoye itace a cikin ƙwayar iri, Ya sanya arzikin bayinSa a cikin ƙasa da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa musulmi na Dawce da kewaye, nasiharmu a wannan fitowa tana kan wani aikin lada da yake kusa da hannun kowa, wato shuka a tsakar gida da ƙofar gida da harabar masallaci.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) hadisin da ke nuna cewa musulmi yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu suka ci daga dashensa. Mu lura da kyau, an rataya wannan lada ne a kan ci. Kyakkyawar niyya tana da nata sakamako a wurin Allah, amma dashen da ya bushe kafin ya yi ganye babu mai ci daga gare shi. Saboda haka mai son sadaka mai gudana sai ya ɗaura ɗamarar raino.

Tun shekarar 1975 aka mai da 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, ranar dashen itatuwa. Kowace damina ana dasawa. To amma wanda ya zagaya a tsakiyar bazara zai tarar da ramuka da yawa babu kowa a ciki, ƙishi ya kashe wasu, awaki sun cinye wasu. Dashe aikin yini ɗaya ne, raino kuwa yakan ɗauki shekara biyu.

Iyayenmu sun riga sun nuna mana darajar raino. Bayan farin 1984, manoman Matameye da Magariya da Mirriya sun daina sare tohon gawo a lokacin sassabe. Suka riƙa zaɓar mai ƙarfi suna yi masa aski, suna kare shi har ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawon da gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa a gonakinmu yau, haƙurin wani bawan Allah ne. Abin da aka iya a gona ba zai gagara a gida ba.

Wani zai ce, ina ruwan yake, alhali na sha ma da wahala ake jawo shi? Amsa tana bakin butarmu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana alwala da mudu ɗaya, wato mudun Annabi, wanda bai cika lita guda ba. Mu ƙaddara mutum 40 ne ke alwala a masallacin unguwa, sau 5 a yini, kowanne da lita 1. Lita 200 ke nan, jarka 10, suna kwarara a banza suna zama taɓo da gidan sauro. Wannan ruwa mai tsarki ne. In aka gyara wurin alwala, aka ja masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko lemun tsami ko gwaiba, an sha tsuntsu biyu da dutse ɗaya: tsabta ta samu, shuka ta sha. Haka ma a gida, ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ƙwarya duk suna da amfani. Amma ruwan sabulu mai kauri yana lalata ƙasa, ruwan kewaye kuwa kada ya kusanci ganyen da za a ci.

Ga yadda za a yi. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. A gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A dasa da yamma, a danne ƙasa, a bar ɗan gurbi a gindi inda ruwa zai tsaya, sa'an nan a rufe gurbin da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye laima. Ban ruwa da sassafe ne ko bayan la'asar. Wanda ruwa ya yi masa ƙaranci ya binne ƙaramin tulu a gefen dashen, bakinsa a waje, ya cika shi ya rufe. Tulun zai riƙa tsattsafowa a hankali har kwanaki. Zogale in ya kai ƙirjin mutum a yanke kansa don ya yi rassa, ganyensa kuma a inuwa ake shanya shi.

Wanda ba shi da fili kada ya ce an bar shi a baya. Tsohon bokiti ko fasasshiyar tukunya ko buhu, in aka huda ƙasansa aka cika da ƙasa da taki, aka ajiye inda rana ke samunsa rabin yini, zai ɗauki tattasai ko tumatir ko alayyafo. Damina lokacin kuɓewa ne da yakuwa da rama da lalo. Lokacin ɗari kuwa na salati ne da kabeji da albasa. In ƙwari suka taso, a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Sai haƙƙin maƙwabci. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Annabi (S.A.W.) ya yanke lokacin da raƙumar Bara'u ɗan Azib (R.A.) ta yi ɓarna a garkar wani mutum: tsaron garka da rana yana wuyan mai ita, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai dabba ne zai biya. Saboda haka mai shuka ya kewaye dashensa da ƙaya ko kara, mai akuya kuma ya ɗaure abarsa da dare. Kada a dasa babban itace kamar dogon yaro a jikin katangar maƙwabci ko bakin rijiya, domin saiwarsa tana tsaga gini. Da yawa daga shari'un da ke kai maƙwabta gaban mai gari, igiya guda da damin ƙaya sun isa su hana su.

A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan kayan miya da 'ya'yan itatuwa irin waɗannan. Wannan sauƙi ne daga shari'a, ƙofar sadaka kuwa a buɗe take. Ƙwaryar zogale da aka aika wa mai jego, ko kuɓewar da aka miƙa wa gidan marayu, Allah ba Ya mance su. Mu kuma jawo yaranmu cikin aikin, kowane yaro a damƙa masa dashensa da gwangwanin ban ruwansa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai da malaman makarantun allo, kowane masallaci ya dasa gwargwadon abin da zai iya shayarwa, ya kuma ambaci sunan wanda zai kula da kowane dashe har ya wuce bakin akuya. Kowane magidanci kuma ya fara da ko da gindi ɗaya a inda iyalinsa ke alwala.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya abin da muka dasa, Ya sanya shi cikin mizaninmu ranar da dukiya da 'ya'ya ba su amfani. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana inuwa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.