Kujera Ɗaya, Masu So Goma

Sha'awar kallo ba laifi ba ce. Amma akwai wata tambaya da ta kamata kowane mai son kallo ya yi wa kansa: in wuri ya cika, tikiti ya ƙare, wace hanya ce ta halatta a bi don a shiga?

A ƙasar Nijar akwai kokawar da a ke kira ta takobi, wadda aka fara a Tawa cikin 1975. Jihohin ƙasar takwas kowace kan kawo 'yan kokawa goma, wanda ya kā da kowa a ba shi takobi. Cikin watan Disamba na 2024 a Doso aka yi ta, watau jihar da ke maƙwabtaka da Kabi. To, a ɗauka wani mutumin Kuberi ya sayar da buhun gero, ya bi ta Jega da Birnin Kabi, ya ƙetare iyaka a Kamba, ya canja kuɗinsa zuwa sefa, ya isa ƙofar fili ran kokawar ƙarshe, aka ce masa babu sauran tikiti. Hanya uku ke gabansa.

Ta fari ita ce ya miƙa wa mai tsaron ƙofa wani abu a ɓoye. Zai ce a ransa bai cuci kowa ba, da kuɗinsa ya shiga. Amma kuɗi ba ya ƙara wa fili faɗi. Wurin da ya zauna lalle na wani ne, wanda ya yi sammako ya biya, ga shi kuwa an bar shi tsaye a rana. Rashin sanin wanda aka zalunta ba ya mai da zalunci adalci. Bugu da ƙari shi baƙo ne, sunan garinsu ya ke ɗauke da shi. In asiri ya tonu ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi mutanen Nijeriya ne.

Ta biyu ita ce ya saya hannun wanda ya kwashe tikiti tun da wuri don ya sayar ninkin ba ninkin. Irin wannan ɗan kasuwa ya kan ce, "Ai manomin Aliero ma ajiye albasa ya ke yi sai ta yi tsada, ba wanda ya zarge shi." Abin ba ɗaya ba ne. Manomi shi ya yi ban ruwa, shi ya cire, in kuma ta ruɓe a ajiya hasararsa ce. Albasar da ya adana ita ke amfanin mutane lokacin da babu ta. Shi kuwa mai ɓoye tikiti bai ƙara kujera ko ɗaya ba. Ƙunci ya haddasa, sa'an nan ya sayar da mafita. Mai saye kuma ba shi da cikakkiyar kuɓuta, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ba a saye, da ba a ɓoyewa.

Amma in wani ya sayi tikiti, uzuri ya hana shi shiga, ya sayar a kan kuɗin da ya saya, wannan ciniki ne mai tsabta, ba abin zargi cikinsa.

Ta uku ita ce haƙuri, ita ce kuwa mafi ɗaci. Mutum ya yi tafiya mai nisa, ya ɓad da guzurinsa, sa'an nan ya ƙare da sauraron rediyo a gindin itace, yana jiyo ihun 'yan kallo ta bayan katanga. Ba shakka ya yi hasara. Sai dai hasararsa ta yini ɗaya ce, baɗi ma za a sāke ɗaura warki. Wanda ya koya wa hannunsa miƙa toshi don kallon kokawa kuwa, gobe zai miƙa a asibiti, jibi a gaban alƙali, har ran da mai kuɗin da ya fi shi zai ture shi daga wurin da ya ke haƙƙinsa.

Saboda haka mai niyyar kallo ya tashi da wuri, gama da sanyin safiya a kan kama fara. In kuwa ya makara, ya komo gida da mutuncinsa, ya fara tanadin baɗi.