Adalci a Ƙofar Jami'a

Ƙa'idar da jami'o'in tarayya na Nijeriya suke bi wajen karɓar ɗalibai, wadda ta ware kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, ta daɗe tana ta da mas'alar da ma'abota hankali ba su gama warware ta ba: shin ya halatta a hana gurbi ga yaron da ya fi ƙwazo, a ba wanda bai kai shi ba?

Mai cewa zalunci ne yana da hujja, domin shari'a ba ta kama mutum da laifin wani. Amma wanda ya tuna cewa 'yan mishan sun buɗe sakandare a Legas tun 1859, alhali Kwalejin Katsina ba ta samu ba sai 1921, kuma ko ita 'ya'yan masu sarauta da na malamai suka fi yawa a cikinta, zai fahimci cewa makin jarrabawa, ban da hazaƙar yaro, yana auna irin makarantar da ƙaddara ta kai shi.

A nawa ra'ayin, niyyar ƙa'idar kyakkyawa ce, illarta tana wajen ma'auni. Da Allah Ya ambaci masu cin zakka, da siffofinsu Ya ambace su, kamar fakiri da miskini da matafiyi, bai jingina hakkin ga mutanen gari kaza ba. Mu kuwa jiha muke dubawa. Saboda haka ɗan babban sakatare, wanda ya yi karatu a makarantar kuɗi a Abuja, da zarar ya miƙa takardar asalin Zamfara ko Yobe, sai ya shige da rangwamen da aka tanada don ɗan manomin da ko firamare bai gama ba, balle ya zauna jarrabawar JAMB. Ɗan masunci kuwa a Legas, wanda talaucinsa bai gaza na kowa ba, ba shi da rabo a wannan rangwamen.

Da jami'o'i suna tambayar makarantar da ɗalibi ya fito da sana'ar mahaifinsa, ko da yake masu ƙarya a takarda ba sa ƙarewa, suna kuma yawaita irin makarantar share fagen da Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa, da rangwamen ya fi samun ainihin masu hakkinsa.