Kurciya a Gonar Shibka: Yaushe Ne Harbi Yake Halatta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, duk shekara idan ruwan shibka ya sauka a watan Yuni ko Yuli, tun daga Dogon Dutsi har Mirriya, magana guda takan tashi a bakin masallatai: manomi ya zuba irinsa, ya waiwaya ya ga kurciya da hasbiya da tantabaru sun sauka a bayansa. Shin ya halatta ya ɗauko bindiga? In ya halatta, yaushe?

Ba mu ɗauki tambayar da wasa ba. Wanda ya ga yunwar 1984 ko ta 2005 ya san darajar tiya guda ta iri. Wani bashi ya ci ya saye ta, wani kuwa hana ƴaƴansa ya yi ya ɓoye ta a gindin rumbu. Damanarmu gajera ce. Wanda aka tilasta wa sake shibka bayan mako biyu, sau da yawa ruwa yakan ɗauke hatsinsa bai nuna ba. Kare dukiya kuwa yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin tsarewa.

Amma tsuntsun ma yana da haƙƙi. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul An'am, ya sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, za a tambaye shi ranar Alƙiyama, haƙƙin nan kuwa shi ne a yanka shi a ci, ba a jefar ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa abin da tsuntsu ya ci daga shibkar musulmi sadaka ce a gare shi. Ga haƙƙi biyu sun haɗu a gona guda. Aikinmu shi ne mu auna su da ma'aunin adalci.

Farkon adalci shi ne sanin mai laifi. Hatsi idan ya samu laima yakan tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. Kurciya kuma ba ta tona ƙasa da ƙafa kamar kaza. Tsinta take yi, abin da ta gani a sarari shi take ɗauka. Masu tona rami su kwashe iri su ne kurege da ɓeraye da zabbi da makwarwa. Ɓera da dare yake aikinsa, da safe manomi ya tarar da ramu a buɗe, ga kurciya tana yawo a kansu, sai ya yanke mata hukunci. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ramin da mai shibka ya taka da kyau, ya rufe shi da diddige, kurciya ba ta da rabo a cikinsa sai abin da ya zube a gefe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na biyu, malamanmu sun kafa ƙa'ida cewa ana tunkuɗe cuta da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe ta. Kakanninmu sun san wannan tun ba su karanta shi ba: mutum-mutumi, gwangwanaye a igiya, majajjawa, yaro a gindin gawo yana kuwa. Tsuntsayen nan sun fi sauka da sassafe da kuma bayan la'asar, tsaron kuwa na ƴan kwanaki ne. Wanda bai gwada kora ba ya tsallaka zuwa kisa, ya fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

Na uku, a bambanta na daji da na gida. Hasbiya da kurciya naman daji ne. Tantabarar maƙwabci dukiyarsa ce, harbinta ɓarnar dukiyar wani ce, cin ta kuma cin haram ne. Malaman Malikiyya sun saɓa a kan mai kiwon tantabarun da ke cutar da gonaki: wasu sun ce a hana shi, wasu sun ce masu gona su tsare gonarsu. Abin da muke gani ya fi kusa da zaman lafiya shi ne mai gona ya je ya yi sallama, ya roƙi maƙwabcinsa ya kulle su mako guda, ya ba su tsaba a gida. Idan ya ƙi, ga liman, ga maigari. Bindiga ba alƙali ba ce.

To, yaushe ke nan? Amsarmu ita ce: daga ranar da iri ya shiga ƙasa zuwa ranar da tsiro ya kama, idan an ga ɓarnar da ido, an yi kora ta gagara. A nan harbi ya halatta, gwargwadon abin da zai tarwatsa garken, tare da ambaton sunan Allah. Wanda aka tarar da sauran rai a yanka shi nan take, a kai gida a ci. Malaman mazhabarmu na baya sun halatta cin abin da harsashi ya kashe a kan wannan sharaɗi na bisimilla da niyyar farauta. Kada a harba ta wajen da mutane suke, domin a lokacin shibka gona cike take da yara da mata masu kawo fura. Hukuma ma tana da nata sharaɗi: dokar farauta da Nijar ta kafa a 1998 ta ɗaure farauta da izini da kuma lokaci, sai a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji.

Da zarar hatsi ya yi ganye, dalilin kare iri ya faɗi. Wanda ya ci gaba da harbi bayan nan yana cewa gona yake tsaro, to ya binciki zuciyarsa. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya bayyana cewa farauta don wasa makaruhi ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Mu tuna kuma kurciya ƙwai biyu take yi, uwa da uba ke karɓa-karɓa wajen kwanci, su biyun ke ciyar da ƴaƴan daga maƙoshinsu. Sau da yawa harsashi guda rai uku yake ɗauka, biyu daga ciki da yunwa a cikin sheƙa. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Annabi ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta da suka ɗauke, saboda ya ga tashin hankalinta.

Guba kuwa, da wasu ke barbaɗawa a kan tsaba, ba mu ga mata hanya ba. Ba ta san mai laifi ba: takan kashe zabbin maƙwabta, da angulun da ya ci mushen, wani lokaci har yaron da ya tsinci tsuntsun ya gasa.

Allah ya hore mana halittunsa a matsayin amana. Ya ba mu izinin kare abincin iyalanmu, bai ba mu izinin huce haushi a kan marar ƙarfi ba. Mu rufe ramunmu da kyau, mu tsare gonakinmu kwanakin nan kaɗan, abin da ya zube a gefe kuma mu bar shi da niyyar sadaka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa tausayi a zukatanmu. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.