Allurar Dole Ga Masu Aikin Ceton Rai: Nasiha Ga Uwargida

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa, a cikinmu akwai matan 'yan kwana-kwana, da matan direbobin motar asibiti, da matan 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, wasunmu ma su ne nas-nas ɗin da ke kwana a sashen gaggawa. Nasiharmu ta wannan fitowa a kanku take. Tambayar ita ce: idan annoba ta sauka, hukuma ta ce ma'aikacin ceton rai ko ya yi allurar riga-kafi ko ya bar aiki, mene ne matsayin Musulmi? Kuma wace shawara za ki ba maigida?

Abin da ya faru lokacin korona

Wannan ba tatsuniya ba ce, an yi ta a idonmu. A watan Oktoba na 2021, magajin garin birnin Niyok na Amurka, Bill de Blasio, ya wajabta allurar korona a kan ma'aikatan birnin, har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar ɗaukar marasa lafiya. Wanda ya ƙi, an tura shi hutu babu albashi daga 1 ga Nuwamba, kuma a watan Fabrairu na 2022 an sallami fiye da mutum 1,400. A Faransa dokar ta hau kan ma'aikatan lafiya da 'yan kwana-kwana daga 15 ga Satumba, 2021, aka dakatar da dubbai. Mu ma nan Nijeriya, gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikatanta su nuna shaidar allura ko takardar gwajin da ke nuna ba su da cutar kafin su shiga ofis.

Daga baya waɗannan dokoki sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ingila ta janye tata a farkon 2022 tun kafin ta fara aiki a kan ma'aikatan asibiti. Niyok ta ɗage tata a Fabrairun 2023, Faransa kuma ta mayar da waɗanda ta dakatar bakin aiki a watan Mayu na 2023, watan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. To amma annoba ba ta yin sallama ta ƙarshe. Gara mu san hukuncin tun ana zaune lafiya.

Riƙon sababi ba ya warware tawakkali

Sau da yawa za ki ji maigida ya ce, "Ni dai na dogara ga Allah, abin da Ya rubuta shi zai same ni." Gaskiya ne, amma a tuna da Sayyidina Umar (RA). A shekara ta 18 bayan Hijira ya nufi ƙasar Sham, da ya isa wani wuri mai suna Sarg sai aka sanar da shi cewa annoba ta ɓarke, wadda aka sani da annobar Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke cewa a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe: duk wanda ya zaɓa, cikin ƙaddara yake. Sai ga Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita.

Kin gani, 'yar'uwa, babu wanda ya kai waɗannan bayin Allah tawakkali, amma sun kauce wa cuta. Mu kanmu idan za mu aikin Hajji muna miƙa hannu a yi mana allurar sanƙarau da ta shawara, ba mu taɓa cewa imaninmu ya ragu ba.

Jikin mai ceto amana ne

Ga inda mai aikin gaggawa ya bambanta da sauran jama'a. Ɗan kasuwa kina iya ƙin shiga shagonsa. Amma tsohuwar da ta faɗi numfashinta na sarƙewa, ko mai naƙudar da aka ɗauko tsakar dare, ba ta zaɓar wanda zai tallabe ta. Fuska da fuska suke a cikin mota rufaffiya. Addininmu ya hana cutarwa, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya wurin shan ruwa. Idan an kula da dabba haka, ina ga ɗan Adam mai rauni?

Sannan idan masu ceto suka kwanta ciwo a lokaci guda, wa zai kashe gobara, wa zai tuƙa motar? Wannan aiki farali ne na kifaya, kuma yana da asali: Rufaida Al-Aslamiyya (RA) ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Handaƙ. Saboda haka malamai suka ce shugaba na da ikon wajabta abin da yake halal idan akwai maslahar jama'a a ciki.

Ita ma hukuma akwai haƙƙi a kanta

Sai dai ikon nan na da iyaka. Hukunci yana tafiya ne da dalilinsa. Yau an san cewa allurar korona ta rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, amma kariyarta daga kamuwa da yaɗawa tana raguwa bayan 'yan watanni, musamman tun bayyanar nau'in Omikron a ƙarshen 2021. Da hujjar kare wasu ta yi rauni, wajibi ne tilascin ya sassauta. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da illa: yawanci zazzaɓi da ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu, amma an samu 'yan ƙalilan da jininsu ya daskare ko tsokar zuciyarsu ta kumbura. Wanda likita ya ce kada a yi masa, a ɗauke masa. Kuma raba magidanci da abincin 'ya'yansa shi ne matakin ƙarshe, bayan wa'azi da gwaji da sauya wurin aiki.

Tsoron mutanenmu ma ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, rigimar ta kai kotu har aka yi sulhu a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma a tuna kuma, da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003, yaran da suka shanye namu ne. Maganin shakka bincike ne, ba ƙauracewa ba.

Rabonki a ciki, uwargida

Na farko, kada ki zama mai kawo ji-ta-ji-ta cikin gida. Saƙon WhatsApp ba fatawa ba ne, ba kuma likita ba ne. Allah Ya umarce mu da tantance labari, da tambayar masu sani.

Na biyu, ki yi wa maigida magana cikin ladabi, lokacin da ya huta ya ci abinci. Ki ce, "Baban yara, mu je mu tambayi likita Musulmi amintacce da malaminmu, kafin ka yanke." Ummu Salama (RA) da shawara mai taushi ta warware damuwar Hudaibiyya.

Na uku, ki hana shi sayen katin allura na bogi, ko da aikin zai tafi. Wannan ƙarya ce da ha'inci, kuma albashin da aka tsare da ita babu albarka a cikinsa. Mai uzuri ya bi ƙofar da doka ta buɗe, ko ta ƙungiyar ma'aikata.

Na huɗu, idan ke ce ma'aikaciyar, duk wannan a kanki yake. Ki sanar da mijinki sharuɗɗan aikin tun wuri, ku yi shawara.

Na biyar, idan maƙwabciyarki ce aka dakatar da mijinta, kada ki yi mata dariya ko gori. Ki kai mata kwanon abinci.

Allah Ya kare masu fita ceton bayinSa, Ya dawo mana da su gida lafiya, Ya ba shugabanninmu adalci, Ya tsare mu daga annoba da mugun ciwo. Amin summa amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.