Ko Daidai Ne Yaro Ya Haddace Addu'ar Da Bai Gane Ba?

'Yan'uwa a cikin Kristi, akwai wata magana da ta fara yawa a bakin iyaye. Wasu suna cewa tilasta wa yaro haddar addu'a tun bai san ma'anarta ba mayar da shi aku ne, gara a bar shi ya girma ya zaɓa wa kansa. Maganar tana da nauyi, ba kuwa za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba, gama Ubangijinmu da kansa ya yi kashedi game da addu'ar da ta tsaya a leɓe. Duk da haka muna ganin masu wannan ra'ayi sun yi kuskure.

Mu fara da duban maƙwabtanmu a nan ƙasar Daura. Tun da asuba ake jin muryoyin yara a makarantun allo. Yaro yakan fara da Fatiha, ya bi gajerun surori, ya wanke allo, malam ya ƙara masa gaba, alhali bai iya Larabci ba. Ba wanda yake jira sai yaron ya gane tukuna. Haka kuma da wuya a sami ɗan Daura da bai san labarin Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu ba, domin a bakin manya ya ji shi tun yana ƙarami.

A can ƙasar Indiya ma haka abin yake. Mabiya addinin Hindu sun riƙe littattafansu na Veda da ka wajen shekara 3,000, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, a harshen Sanskirit wanda ba shi yaran suke yi a gida ba. Har a 2003 hukumar UNESCO ta sanya wannan karatu cikin manyan abubuwan gado na 'yan Adam. Suna koya wa yaro addu'ar Gayatri ya riƙa yi safe da yamma, suna kuma ba shi labarin Prahlada, ɗan sarkin da ya ƙi barin ibada ko da uban ya azabtar da shi. Bangaskiyarmu dabam take da tasu, amma Majalisar Batikan ta Biyu ta koya mana a 1965 cewa Ikklisiya ba ta ƙin abin da yake na gaskiya a wurin wasu addinai. Gaskiyar da suka riƙe a nan ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, batun bari ya zaɓa fa? Ba mu jira yaro ya zaɓi harshen da zai yi ba, ba mu jira ya gane amfanin gaisuwa kafin mu koya masa durƙusa wa manya ba. Zuciyar yaro kamar gona take da damina: in ba a shuka hatsi ba, ciyawa ba ta neman izini. Wanda ba a ba shi kome ba, da me zai yi zaɓin? Waliyyi Agustin ya yi nisa da Ikklisiya shekaru da yawa, sai a shekara ta 387 ya karɓi baftisma a Milan, yana da shekara sama da 30. Amma shi da kansa ya shaida cewa sunan Kristi da ya samu daga mahaifiyarsa Monika bai taɓa barin zuciyarsa ba. Manzo Bulus ma ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Amma fa akwai sharaɗi uku. Na fari, kada a cusa addu'a da bulala, gama yaron da ya koyi Ubanmu cikin kuka zai ɗauka Uban nan mai duka ne. Na biyu, ma'ana ta biyo bayan hadda sannu a hankali, a harshen da yaron yake ji, kuma halin iyaye ne fassarar farko. Uban da yake koyar da roƙon gafara alhali yana gaba da ɗan'uwansa ya riga ya rushe darasin. Na uku, kada mu haɗa koyarwar da raina maƙwabci. Yaranmu tare suke wasa da yaran Musulmi, rijiya ɗaya suke sha. Wanda ya san addininsa sosai ba ya bukatar zagin na wani.

Game da waliyyai kuwa, mu ba yara labarin waɗanda suka yi kama da su. Kizito yaro ne ɗan shekara 14 a fadar Sarki Mwanga na Buganda. Charles Lwanga ne ya yi masa baftisma a ɓoye, aka kuwa ƙone su saboda bangaskiya a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. Paparoma Paul na Shida ya sanya su cikin waliyyai a 1964. Ga Bakhita, 'yar Sudan da aka sace tana ƙarama aka sayar baiwa, ta kuma yafe wa waɗanda suka cuce ta. Ga Fada Cyprian Tansi, ɗan ƙasarmu, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana mai albarka a 1998.

Tun 2023 muke da dayosis namu na Katsina, wanda aka cire daga na Sakkwato, aka kuma naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, makiyayinsa na fari. Sai dai bishop da fada da katikis ba za su iya shiga kowane ɗaki da dare ba. Sa'a ɗaya ta katikizim ran Lahadi ba za ta ɗauke nauyin kwana shida ba. Majalisar nan ta Batikan ta ce iyaye su ne malamai na fari ga 'ya'yansu.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya keɓe ɗan lokaci bayan tuwon dare: Alamar Gicciye, Ubanmu, A Gaishe Ki Maryamu, aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, sa'an nan labarin waliyyi ɗaya a mako. In yaro ya yi tambaya, a amsa masa da haƙuri. Allah ya ba mu ikon cikawa. Amin.